Da Ƙafata Na Yi Masa Talla

Masu karatu, yau ba kuka na zo yi muku ba. Kukan na yi shi har ya gundure ni. Na yi a banɗaki, na yi a bakin famfo, na yi a cikin motar haya mutane suna kallona. Yau labarin wanda ya ci amanata zan ba ku, da abin da na yi masa. Wadda ta shirya rubuto mini "ki yi haƙuri" ta adana kayanta, zai yi mata amfani a wani wurin.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, mu biyu Mama ta haifa, ni da Yaya. Ni ake kira Auta. Yaya sabulun ruwa take haɗawa, na wanke-wanke da na wanki, a ɗan ɗakin da ke bayan gidanmu. Ni kuma aikina wanke goruna, cikawa, da bin ta gida-gida ina riƙe da jaka. Duk unguwa ba mai kiranta da sunanta, Mai Kumfa suke cewa, har sunan ya hau kan sitikar da muke mannawa a jikin gora.

Da rayuwa ta yi tsada, masu sayen jarka suka koma sayen gora, masu gora suka koma cewa a zuba musu rabi. Shaguna uku aka rufe a layinmu cikin wata biyu. Na ce wa Yaya mu ma mu haƙura. Ta kalle ni ta ce, "Auta, ba mu da kuɗin talla, amma baki da ƙafa ai ba a ƙara musu farashi ba."

Ta nemo ƙananan goruna, masu kai mutum kwana uku, don wadda ba ta da hali ma ta saya. Ta ce duk wadda ta dawo da gorarta za a cika mata da rangwame. Takan je wurin mai sayar da abinci a bakin tasha, ta ɗauki tukunyar da ta fi kowace maiƙo, ta ɗiga sabulu ɗigo uku, ta wanke ta tas a gaban masu cin abinci, ba ta ce wa kowa ya saya ba. Kowace Litinin da safe kuma sai ta tura wa masu sayenta saƙon murya. Ba ta farawa da sabulu. Sai ta tambayi yaron da ya yi zazzaɓi, ta tsokani wadda mijinta ya yi ƙiba, can a ƙarshe ta ce, "Af, na manta, sabon haɗi ya huce." Da haka muka ci abinci a lokacin da masu manyan shaguna suke zaman kallon hanya.

Ciwon kwana shida ya ɗauke ta. Allah ya jiƙan Yaya.

Bayan rasuwarta wayarta ta zame mini azaba. Ta yi ƙara, in ɗauka, in ji murya cike da fara'a tana cewa, "Mai Kumfa, kin ɓuya!" Sai in buɗe baki in sake kashe Yaya da harshena. A rana sai in faɗa sau goma. Ran nan na kashe wayar, na naɗe ta a cikin ɗankwalinta, na tura can ƙasan akwati. Wannan shi ne kuskurena na farko.

Na biyu kuwa da ƙafarsa ya zo. Mai buga mana sitika ne, yana da ɗan shago kusa da masu gyaran waya, inji biyu da kwamfuta ɗaya. Ya zo gaisuwar rasuwa cikin farar riga mai guga kamar takarda, da agogo mai baƙar fata, da turaren da yake riga shi shiga ɗaki. Ya dawo bayan sati. Ya sake dawowa da ledar lemo da biskit wa Mama. A zuwa na huɗu ya ce yana so ya ga ɗakin sabulu.

Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon duro da muciya da gorunan da ƙura ta hau.

"Auta, kin iya haɗin?"

"Na iya. Shekara huɗu ina gefenta."

"To me kike jira? Sunan nan da Yayarki ta gina, mutane da kuɗi suke neman irinsa ba su samu."

"Ba na iya ɗaukar wayarta."

"Ai ba sai ita ba. Zan kawo miki sabon layi, in buga miki sabuwar sitika da sabuwar lamba. Ko kwabo kar ki ba ni."

Na ce me ya sa. Ya sunkuyar da kai yana murza agogonsa, ya ce, "Sai na faɗa da baki?" Ni kuma, masu karatu, ba zan ɓoye muku ba, na ji wani abu ya motsa a ƙirjina. Wata biyu ba wanda ya yi mini magana sai da muryar ta'aziyya.

Bayan kwana uku ya kawo mini ƙaramar waya mai madannai, ja, da layi a ciki, da damin sitika ɗari huɗu. Kyau kam sun yi kyau. Kore da fari, ga kumfa an zana tana tashi, ga MAI KUMFA da manyan baƙaƙe, ga lamba a ƙasa. Ni karatuna aji huɗu ya tsaya, ina haɗa baƙi a hankali, lambobi kuwa in sun yi tsawo sai su riƙa yi mini rawa a ido. Na ga lamba, na ga waya, na ce alhamdulillahi. Ban taɓa ɗaukar wata wayar na kira lambar da ke jikin sitikar ba. Wa yake kiran kansa?

Ya ce dabarar da ake yi yanzu ita ce ɗanɗano. In cika ƙananan goruna in raba kyauta, wadda ta gwada ta ji daɗi za ta kira. Na sayar da 'yan kunnena na sayi kayan haɗi. Na yi haɗi irin na Yaya sak, na bar shi ya kwana biyu ya huce, na shafa a cikin tsintsiyar hannuna kamar yadda take yi kafin ta yarda a zuba. Na zauna a tabarma na manna sitika ɗaya bayan ɗaya har babban yatsana ya yi kanta.

Sati uku ina yawo. Ƙofar makarantar yara lokacin tashi, bakin asibiti inda masu jinya suke wanke kwanuka, shagunan kitso, wurin masu abinci, gidajen haya masu ɗaki goma-goma. Silifas biyu na kashe. Duk wadda na miƙa wa sai in ce, "Ƙanwar Mai Kumfa ce, ga sabuwar lamba nan a jiki." Wasu su rungume ni, wasu su yi hawaye, wasu su ce gobe-goben nan za su kira.

Jar waya ba ta yi ƙara ba. Ko sau ɗaya.

Ina ajiye ta a gefen filo, ina shiga da ita kicin, ina duba ko caji ne ya ƙare. Kullum da safe kuma saƙonsa yana shigowa tsohuwar wayata.

"Barka da safiya gimbiyata. An samu kira?"

"Shiru."

"Ki daure. Yanayin gari ne, kowa kuka yake. Ki ƙara rabawa."

Sai in ƙara rabawa.

A gida kuwa magana ta sauya. Kawu, ƙanen Mama, wanda da sai mu yi wata ba mu ga ƙeyarsa ba, ya mayar da falonmu wurin hutawarsa. Ya zauna a kujerar da ke kusa da fanka, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya dubi Mama, wadda shi kuma ita yake kira Yaya.

"Yaya, ni fa gaskiya nake faɗa. Sabulun nan ya bi mai shi. Yarinya tana ta yawo a rana kamar mai neman ɓataccen akuya, ga mutum kamili yana sonta, yana da sana'a. Me ake jira?"

"Kawu, ko wata huɗu Yaya ba ta yi ba."

"Ke Auta, da manya ake magana. Duron nan da sauran tarkace ma a kwashe a ba shi, shi ya san yadda zai yi da su. Sunan ma a bar masa, tunda gida ɗaya za ku zama."

Mama ba ta cika magana ba tun rasuwar. Takan zauna da carbi a hannu tana kallon ƙofar ɗakin baya. Ranar dai ta ce, "Auta, ki duba maganar kawunki. Na gaji da ganinki kina dawowa da ƙafa a kumbure." Aka tsayar da Asabar mai zuwa, ƙarfe huɗu, zai zo ya zauna da Mama da Kawu a yi magana ta gaskiya. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. A raina na fara yarda cewa hannuna ne ba shi da albarka, cewa mutane Yaya suke so, ba sabulu ba.

Ranar Talata da hantsi ina shara aka buga ƙofa. Iya mai wanki ce, tsohuwar da take wanke kayan mutane a layin bayanmu, tana cikin masu sayen Yaya na farko. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta ajiye jarka a gabana, ta zare tsumman da ta naɗe hannayenta, ta miƙo mini su.

Fatar ta saɓule daga yatsu har wuyan hannu. Wani wurin ja, wani wurin fari, tsakanin yatsun ya tsage.

"Auta, me na yi muku? Shekara shida ina sayen sabulunku. Da hannun nan nake ci. Kwana biyar ban taɓa ruwa ba, masu kaya sun kwashe sun kai wani wuri."

"Iya, a ina kika samo jarkar nan?"

"A ina kuwa? Ke kika ba ni ƙaramar gora, na ji daɗinta, na sa aka kira mini lambar. Namiji ya ɗauka, ya ce shi ne manaja, ke kina wurin haɗi. Mai babur ya kawo."

Na duba jarkar. Sitikarmu ce, kore da fari. Na buɗe murfin, warin soda ya doki hancina. Na ɗiga a tsintsiyar hannu, kafin in ƙirga goma wurin ya fara zafi. An cika soda, an tsinka da ruwa, an zuba gishiri don ya yi kauri, aka sa kala. Ko kare Yaya ba za ta wanke da wannan ba.

Na shiga ɗaki na ɗauko jar waya na riƙe a hagu. Na ce Iya ta ara mini tata. Na durƙusa a gaban jarkar ina bin lambar da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, na danna.

Tana shiga. Jar waya tana hannuna shiru kamar dutse.

"Kamfanin Mai Kumfa, barka da hantsi. Jarka nawa za a kawo?"

Muryar da take ce mini gimbiya ce. Har da 'yar dariyar nan da yake yi a ƙarshen magana. Na kashe. Ban yi ihu ba, ban faɗi ba. Ina nan durƙushe tsohuwar wayata ta yi ƙara, saƙo ya shigo.

"Kin karya kuwa? Kar ki zauna da yunwa, ina kishin lafiyarki."

Na rubuta masa, "Na karya. Allah ya kai mu Asabar."

Masu karatu, ku lissafa da ni abin da mutumin nan ya yi. Da 'yan kunnena aka sayi kayan haɗi. Da hannuna na manna lambarsa a gora ɗari huɗu. Da ƙafata na kai ta kowane gida, da bakina na ce ƙanwar Mai Kumfa ce, ku yarda. Hawayen da mata suka yi wa Yaya, shi ya juya su ya zuba a aljihu. Sannan ya aika musu da guba da sunanta. Wanda ya sace mini kuɗi zan iya bar masa. Amma a ce a unguwar nan ana nuna hannun Iya ana cewa aikin Mai Kumfa ne, tana kwance ba ta iya kare kanta, wannan ko zan mutu sai na wanke.

Na shafa wa Iya man ƙuna, na naɗe mata hannu da tsabtataccen ƙyalle, na roƙe ta ta yi shiru zuwa Asabar. Ban gaya wa Mama ba. Na san za ta kira Kawu, Kawu kuma ya ce kuskuren inji ne, a rufa asiri, a kira yaro a yi masa faɗa a ɗaki. Ni ba faɗan ɗaki nake so ba. A bainar jama'a aka ɓata sunan, a bainar jama'a za a gyara shi.

Na buɗe akwati na ciro wayar Yaya. Ɗankwalin har yanzu da ƙamshin man gashinta. Na sa caji, na kunna. Saƙonni suka riƙa shigowa kamar ruwan sama a kan kwano. Hannuna ya kuskure ya taɓa saƙon Litinin ɗinta na ƙarshe, muryarta ta cika ɗakin, tana dariya tana ce wa matar mai gyaran babur ta daina ɓoye mata jariri. Na saurara har ƙarshe. Na goge fuskata. Na buɗe jerin masu sayenta, mutum ɗari biyu da wani abu, na danna wurin ɗaukar murya.

Sau biyar ina gogewa. Na shida na ce:

"Assalamu alaikum, ba Mai Kumfa ba ce, Auta ce, ƙanwarta. Maman 'yan biyu, ya tarin yaran? Anti nas, an dawo aikin safe? Ina da magana. Duk wadda ta kira lambar da ke jikin sabuwar gora aka kawo mata sabulu, don Allah ta daina amfani da shi, ba namu ba ne, yana cin hannu. Ta kawo mini, zan musanya mata da na gaskiya. Laifina ne, ni na raba lambar ban duba ba. Alfarma ɗaya nake nema saboda Yaya. Kar ku ce wa mai lambar komai yanzu. Ranar Asabar, ƙarfe huɗu da rabi, kowa ta kira lambar nan. In ba a ɗauka ba ku sake kira."

Kafin la'asar amsoshi sun fi sittin. Wata ta turo hoton hannun 'yarta. Wata ta ce ya cinye mata kalar zanin gado. Wata ta ce wallahi ta yi ta zagin Yaya a ranta, a yafe mata. Mai kitson bakin kasuwa kuwa kira ta yi.

"Ke Auta, wannan mai farar rigar ne? Mai tafiya kamar an ɗaura masa katako a baya?"

"Shi ne, Anti."

"Ki bar mini matan shagona. Ko wadda ba ta taɓa wanke cokali ba sai ta kira. Ni kati ma zan saya musu."

Laraba, Alhamis, Juma'a, jarkoki da goruna suna ta dawowa ta ƙofar baya, ina jera su a ɗakin sabulu, ina cika wa masu su da ragowar haɗina. Shi kuma yana ta turo mini hoton furanni. Ya tambaye ni kalar da zan sa don mu yi iri ɗaya. Na ce kore.

Ranar Asabar na share falo, na canza labule, na goge teburin gilashi har yana ɗaukar ido. Na sa doguwar rigar Yaya kore mai ƙananan fararen furanni, na naɗe hannun don ta yi mini tsawo. Mama ta kalle ni ta kawar da kai. Kawu ya zo tun uku da rabi, ya kama kujerarsa ta kusa da fanka. Ƙarfe huɗu daidai turare ya shigo, mai shi yana biye, cikin koren yadi sabon ɗinki, da leda biyu a hannu. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Mama.

"Ka ga tarbiyya," in ji Kawu. "Irin waɗannan yanzu sai an tona."

Na kawo lemo da kofuna na zauna a gefen Mama. Kawu ya buɗe taro. Ya yabi haƙurinsa, ya yabi yadda ya tsaya wa marainiya, ya ce ko sitika kyauta ya buga mata, sai dai Allah bai yi kasuwar za ta tashi ba. Shi kuma yana sunkuyar da kai yana cewa, "Ba komai, Kawu, yi wa kai ne."

Huɗu da ashirin da biyar aka yi sallama. Iya mai wanki ta shigo da jarkarta a ƙugu, ta zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Kawu ya ɓata fuska.

"Baiwar Allah, muna da baƙo."

"Ni na kira ta, Kawu," na ce.

Ina kallon agogon bango. Dogon hannu ya sauka a kan shida.

Aljihun ƙirjinsa ya fara rawa. Zzz, zzz. Ya dafe shi da hannu yana murmushi, ya danna ta saman riga. Ya ɗauki kofi. Zzz, zzz. Ya sake dannawa. Kafin ya kai kofin baki ta sake.

"Ɗan nan," in ji Iya, "aljihunka yana kuka. Ka duba shi mana."

"Kiran aiki ne, Iya. Bari in ɗan fita."

"Zauna," na ce. "Ai aikin namu ne gaba ɗaya. Ba manaja kake ba?"

Kofin ya tsaya a iska. Na jawo jarkar Iya na ɗora a kan teburin gilashi, na ajiye jar waya a gefenta.

"Mama, wannan ce wayar da ya ba ni, ya ce lambarta ce a jikin sitika. Yanzu haka mata sun fi ɗari suna kiran lambar. Ki duba wadda take ƙara."

Iya ta kwance hannayenta ta ɗora a gwiwa. Mama ta kalli hannun, ta kalli jarkar, ta kalli aljihun da yake ta rawa.

Kawu ya yi gyaran murya. "To, to, wannan ai kuskuren bugu ne, inji yakan yi haka. Auta, ba a tozarta baƙo. Kai kuma kashe wayar nan, a yi magana a tsanake."

"Kar ka kashe."

Mama ce. Kusan wata huɗu ban ji muryarta ta fito haka ba.

"Ɗora ta a nan. Auta, buɗe mu ji."

Ya yi wuƙi-wuƙi da ido, ya kalli Kawu, ya kalli ƙofa. Iya tana zaune a bakinta. Ya zaro wayar da yatsu biyu ya ajiye. A kan gilashi kuwa sai ta riƙa tafiya da kanta tana kuka. Na ɗauka na sa a sifika.

"Kai ne manajan? Allah ya isa hannun 'yata!"

Na kashe, wani ya shigo.

"Ɓarawon sunan matacciya, ka ji kunya wallahi."

Wani.

"A kawo mini jarka dubu, zan yi wa mai farar riga wanka da shi!" Mai kitso ce, ana ta shewa a bayanta.

Wani kuma muryar tsohuwa ce, a hankali. "Ni dai ina so in ce Mai Kumfa ba ta taɓa cutar da ni ba. Shi ke nan." Mama ta rufe bakinta da mayafi.

Gumi ya jiƙa masa sabon yadi har ya canza kala. Ya sauko daga kujera ya durƙusa.

"Mama, ki saurare ni. Auta, wallahi niyyata in tara kasuwar in damƙa miki bayan aure. Abin mamaki na so in yi miki."

"Ka yi mini," na ce. "Ga shi a hannun Iya."

Na ji daɗi, ba zan yi muku ƙarya ba. Na ji daɗin ganin gwiwarsa a kan simintin da na share. Na riga na shirya abin da zai biyo baya, zai biya wa Iya magani, zai bi gidajen da na bi da tasa ƙafar yana karɓo gubarsa, zai ɓare sitika ɗaya bayan ɗaya da farcensa. Na buɗe baki zan fara lissafa masa, wayar ta sake ƙara. Wannan karon ba baƙuwar lamba ba ce, an ajiye ta da suna. Na haɗa baƙaƙen a hankali: SITO. Ya miƙo hannu zai fizge, na riga shi.

"Kai, tun ɗazu nake kira layi a cike. Kun gama da su? Jarka goma sha biyu sun cika, sitika ta ƙare. Kuma ka ce wa Baban yara ya biyo da gishiri in zai dawo, haɗin nan ya yi ruwa. Ka ji? Ya ka yi shiru?"

Mama ta juya ta dubi Kawu.

Muryar matar Kawu ce. Matar da ta kwana bakwai a gidanmu lokacin rasuwa tana ba Mama ruwa a baki. Saƙona bai je mata ba, don ba ta cikin jerin masu sayen Yaya. Ba ta taɓa saya ba, kyauta take aikowa a ba ta.

Na kashe kiran. Hular Kawu ta zame daga gwiwarsa ta faɗi, bai ɗauka ba.

"Yaya," ya ce wa Mama, "ki bari in yi miki bayani. Yanayi ne. Kin san shagona ya mutu, yara bakwai, ga kuɗin makaranta. Na ga abin zai lalace a banza ne, na ce gara ya zauna a cikin dangi."

"Shi ya sa kake so a ba shi Auta."

"Ai duk rufin asiri ne, Yaya. Ciki ɗaya muka fito."

Na zaro wayar Yaya daga aljihun rigarta. Na buɗe jerin nan na mutum ɗari biyu da wani abu, na ɗora yatsana a saman wurin ɗaukar murya, na miƙa ta saitin bakin Kawu.

"Matan nan sun san manaja, Kawu, saura su san masu haɗi. Za ka faɗa musu da bakinka, ko in faɗa da nawa?"

"Auta! Ni ne fa. Ni na yi miki rakiya ranar da aka fara kai ki makaranta. In wannan ya fita, ina zan sa kaina a garin nan? Yaya, ki yi mata magana!"

Na juya na kalli Mama. Wallahi na ɗauka na san abin da za ta ce, don shi take cewa tun muna yara, duk abin da ƙanenta ya yi. Na ce a raina in ta ce in bari, ban san ko zan iya bin maganarta ba, ban kuma san ko zan iya saɓa mata ba.

Mama ta ajiye carbinta a kan tebur. Ta daɗe tana kallon Kawu, kamar tana neman yaron da ta goya a fuskarsa. Sannan ta kalli hannun Iya.

"Auta," ta ce, "danna."

Na danna.